Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamitin Masallacinmu a Bronx ta Birnin Niyok Kan Rufe Ɗakin Zaman Asabar

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta Malam Liman, Alhaji shugaban kwamiti, da sauran iyayenmu dattawa. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya ɗawainiya da jama'a. Ni 'yarku ce, kun san ni kun san maigidana, shekara 14 ke nan muna bin sallar Juma'a a bayanku. Na rubuto ne da yawun mata 23 da ke zama a ɗakin ƙasa kowace Asabar tsakanin azahar da la'asar, dukkanmu iyayen yara masu otizim, lalurar da kafofin labaranmu kan kira galahanga. Shida daga cikinmu naku ne, daga zangon Kumasi, da Damagaram, da Agadas, da Kano. Sauran 17 'yan asalin Latin Amurka ne, akasarinsu daga Jamhuriyar Dominika, sai Meksiko da Puerto Rico da Honduras. Ba sa jin Hausa. 'Yar ɗaya daga cikinsu ta juya musu wannan takarda da Sifaniyanci kafin in fitar da ita, suka ce in faɗa, bakina nasu ne.

Sati uku da suka wuce muka zo muka tarar da kwaɗo a ƙofa da takarda a manne: an dakatar da zaman sai abin da hali ya yi. Sau biyu na nemi ganinku ta hannun ladan, shiru. Sanarwar ta zaga dandalin WhatsApp na masallaci, kowa ya tofa albarkacin bakinsa, shi ya sa ni ma na kawo tawa amsar fili. Ku gafarce ni in na yi tsaurin ido.

Dalili uku na ji ana faɗa: hayaniya ta yi yawa, yaro ya keta sahu ana sallah, kuma matan nan ba mutanenmu ba ne.

Bari in fara da yaron, domin ina wurin. Shekararsa 6, ba ya magana. Tun ranar da aka fara kawo shi idonsa ke kan allon nan mai koriyar fitila da ke nuna lokutan sallah. Ranar an bar ƙofar bene a buɗe, laifinmu ne, ba mu musa ba. Kafin a ankara ya haye, ya ratsa tsakanin masu ruku'u, ya tsaya gaban allon yana kaɗa hannuwa yana dariya. Uwar ta biyo shi da gudu. Duk da ruɗewar da ta yi sai da ta tsaya ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta yafa mayafin da muka ara mata, ta shiga a durƙushe tana ta cewa perdón, perdón, wato a yafe mata. Da aka sallame wani bawan Allah ya ce da ƙarfi, "Rashin tarbiyya ne kawai." Ba ta ji kalmar ba, amma ta ga fuskar, kuma fuskar ba baƙuwarta ba ce. A harshensu akwai kalma malcriado, ma'anarta yaron da aka yi wa mugun reno. In an jefi yaro da ita, uwarsa aka zaga. A wajensu in an ce yaro bien educado, ba boko ake nufi ba, ladabi ake nufi: ya gaida manya, ya zauna inda aka ajiye shi, ya dubi mai yi masa magana. Waɗannan kuwa su ne daidai abubuwan da otizim ke wahalar wa yaro. Matar nan shekara biyu rabonta da cocinta saboda irin wannan kallon. Ɗakinku na ƙasa ne wuri na farko da ta sake yarda ta shiga taro da ɗanta.

Gudun nan kuma ba abin wasa ba ne a wurinmu. Waɗanda suka daɗe a garin nan za su tuna hoton Avonte Oquendo da aka lilliƙa a tashoshin jirgin ƙasa. Yaro ne mai shekara 14, mai otizim, ba ya magana, ya fice daga makarantarsa a Queens a watan Oktoban 2013, sai a Janairun 2014 aka tsinci gawarsa a bakin kogi. Bayan haka birnin Niyok ya yi doka da sunansa kan sa ƙararrawa a ƙofofin makarantu. Hukuma ba ta ce a kori irin yaran daga makaranta ba, ƙofa ta gyara.

Sai maganar hayaniya. Gaskiya ne, akwai ta. Ban isa in yi wa Malam karatu ba, daga bakinsa na ji cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan taƙaita sallah in ya ji kukan yaro, don kada ya ƙuntata wa uwar. Na bar wannan a nan.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne na ukun, kuma a kansa zan daɗe, don na lura ba ku san su wane ne kuka rufe wa ƙofa ba.

Matan nan an rene su a kan wata aƙida da masana suka laƙaba wa suna marianismo, daga sunan Nana Maryam. Uwa ta gari ita ce mai shanyewa. Ita ce ƙarshen cin abinci, ita ce ƙarshen kwanciya, ba ta kai ƙara, ba ta cewa ta gaji. Kalmar da suke yawan faɗa ita ce aguantar, jurewa. Ranar da aka fassara mini ita dariya ta kama ni, na ce ai wannan "yi haƙuri" ce, wadda ake cusa wa amarya a kunne daren da za a kai ta. Idan likita ya ce ɗanta na da otizim, dangi sukan ce Allah ne ya zaɓe ta, ya ba ta angelito, ɗan ƙaramin mala'ika, domin ya san za ta iya. Maganar tana da daɗi, kuma na ga yadda take riƙe su. 'Yan Dominika na da Maryam ta Altagracia da suke wa biki ran 21 ga Janairu, 'yan Meksiko na da ta Guadalupe ran 12 ga Disamba, kuma akwai wadda ta gaya mini ba don wannan imanin ba da tuni ta zauce. Amma ku duba ɗaya gefen. Wadda aka ce mata kyauta ce daga Allah, da wane baki za ta ce kwana uku ba ta runtsa ba? Da wane baki za ta ce wani lokaci takan kulle kanta a banɗaki ta yi kuka? Akwai shirin gwamnati da ke turo mai kula da yaro na 'yan sa'o'i don uwa ta huta. Rabin matan da ke zamanmu sun ƙi nema da farko, wai kunya ce a ce baƙo na renon ɗanka kana raye. Da yawa sun ajiye aiki, gida ya koma kan albashi ɗaya, a garin da kuɗin haya kaɗai ke cinye mutum. A ɗakin nan ne wata ta fara furta "na gaji", ba wanda ya zare mata ido. Ta faɗa da Sifaniyanci, wata Bazindariya ta rungume ta, ba a nemi tafinta ba.

Sannan akwai dangi. Su ma kamar mu ne, ba a yanke shawara sai da kaka da inna da gwaggo, har da waɗanda ke can Santiyago ko Puebla ana kiran su ta bidiyo. Wannan zumuncin suna alfahari da shi, kuma shi ne jarinsu: kaka ce ke ɗauko yaro daga motar makaranta, ƙanwa ce ke kwana da shi a asibiti. Sai dai bakin da ke taimakon shi ne kuma ke cewa a dakata. "Maza ba sa saurin magana." "Ubansa ma sai da ya shekara huɗu." "Ke ce kika sangarta shi." Wasu su ce mal de ojo ne, kambun baka ke nan, a ɗaura masa azabache, wani ɗan baƙin dutse da ake sa wa jarirai a wuyan hannu, kamar yadda muke rataya laya. Wasu su ce susto ne, firgita ce ta kama uwar tana da ciki. A saman duka akwai abin da suke kira el qué dirán, "me mutane za su ce", wanda mu muke ce wa bakin duniya. Wata 'yar Honduras ta ce surukarta ta hana a ambaci sunan lalurar a gidan, wai kada 'yan'uwan yaron mata su rasa mijin aure. Da ta faɗi haka, mu shida muka dubi juna, ba wadda ta ce uffan.

Wannan jinkirin yana da farashi, kuma yaro ne ke biya. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a gwada kowane yaro don gano otizim yana wata 18, a sake yana wata 24. A jihar Niyok akwai shirin tallafin farko na yara 'yan ƙasa da shekara 3: masu koyar da magana da motsa jiki su zo har gida, iyaye ba sa biyan ko sisi, ba a tambayar takardun zama, a birnin nan kiran lambar waya 311 kawai ake yi. Yaro na cika shekara 3 wannan ƙofar ta rufe, sai a koma layin hukumar makarantu. Uwar da ta saurari kaka ta jira shekara huɗu ta riga ta yi asarar shirin ɗungurungum. Farfesa Sandy Magaña ta yi bincike a jihar Wisconsin, aka buga a 2013, ta gano ana gane lalurar a 'ya'yan Latino kusan shekara guda bayan 'ya'yan farar fata, kuma hidimar da suke samu ba ta kai ta waɗancan ba. A shekarar dai, Dakta Katharine Zuckerman ta tambayi likitocin yara a Kalifoniya, ta tarar ɗaya cikin goma ne kacal ke yin gwaje-gwajen nan yadda aka tsara da harshen Sifaniyanci. Kalifoniya fa, inda Sifaniyanci ke ko'ina.

Na ji wani a dandali yana cewa cutar Turawa ce, mu ba mu san ta ba. Shekaru da yawa alƙaluma ma haka suka nuna game da 'yan Latino, kamar ba ta cika kama su ba. Ashe ba a ƙirga su ne. Hukumar CDC mai sa ido kan cututtuka ta ce a shekarar 2000 yaro 1 cikin 150 ne aka gano yana da otizim. Rahotonta na 2023 ya ce 1 cikin 36, kuma a karon farko adadin 'ya'yan Latino da na baƙar fata ya zarce na farar fata. Na 2025 ya ce 1 cikin 31. Yaran suna nan tun da, a ɗakunan baya. Ku ƙirga yaran da ke zuwa Islamiyyarmu ran Lahadi, ku raba da 31, sannan ku tambayi kanku ina sauran suke.

Akwai kuma abin da suke kira respeto, girmama na gaba. Likita ko malamar makaranta in suna magana, ba a katse su, ba a musa musu, sai gyaɗa kai. Mu da muka tashi da kunya da kawaici mun san wannan. To a ƙasar nan gyaɗa kai sa hannu ne. Dokar ilimin yara masu buƙata ta musamman, wadda asalinta tun 1975 ne, ta ba kowane irin yaron nan haƙƙin tsarin karatu nasa na kansa, wanda ake kira IEP, kuma uwa mamba ce a teburin da ake tsara shi. Tana da ikon cewa ba ta yarda ba. Tana da haƙƙin a kawo mata tafinta. Amma tsarin an gina shi ne don mai baki, wanda zai buga tebur ya ce a ƙara wa ɗansa awa biyu na koyon magana. Na raka wata irin wannan zaman a wata makaranta da ba zan ambata ba. Mutum shida a gefe guda da kwamfutoci, ita kaɗai a ɗaya gefen da jakarta a cinya. Ba tafinta, sai aka kira 'yarta mai shekara 11 daga aji ta fassara. Yarinyar nan ita ce ta juya wa uwarta jimlar da ke cewa ƙaninta ba zai iya zama a aji ɗaya da sauran yara ba. Na ga ta haɗiye wani abu kafin ta faɗa. Uwar ta ce sí, sí, gracias, ta sa hannu a shafi tara da ba ta karanta ba. A zaman Asabar ne muka zauna da takardar layi-layi, muka rubuta wasiƙar neman a sake zama, aka sake, aka kawo tafinta, aka gyara.

Har yanzu kuma akwai ma'aikatan da ke gaya wa iyaye su daina yi wa yaro harshen gida, wai harshe biyu na rikita shi. Binciken da aka yi bai nuna haka ba. Wata ta bi wannan shawarar shekara guda, tana yi wa ɗanta guntun Turancin da ita kanta ba ta iya ba, kakarsa kuma da ke renonsa ta koma ba ta da abin ce masa. Ni ma an gaya mini haka game da Hausa. Na ƙi. Kalmar farko da ɗana ya furta yana shekara 5 ita ce "ruwa".

Ga tsoro kuma. Wasunsu ba su da takardu, ko mijin ba shi da su, alhali yaran haifaffun nan ne. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke tun 1982 cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda matsayin zamansa. Amma tun da aka soke ƙa'idar da ke taka wa jami'an shige da fice birki a makarantu da asibitoci da wuraren ibada a Janairun 2025, akwai matan da ko takardar neman tallafi ba sa son cikewa. Wannan tsoron ba sai na yi muku bayaninsa ba, akwai shi a sahunmu na gaba ma. Sun yarda da ɗakinku ne don ba a taɓa tambayar kowa komai a bakin ƙofa ba.

Yanzu in faɗi nawa, a taƙaice. Ɗana na da shekara 2 da rabi lokacin da na san akwai abin da ba daidai ba. An yi rubutu, an yi tofi, an aiko da hayaƙi daga gida, aka ce iska ce, aka ce in daina fita da shi da magariba. Ban raina addu'a ba, har gobe ina yi. Amma wadda ta fara gaya mini sunan abin, a wurin wankin kaya na titinmu, wata 'yar Dominika ce da ta ga yana jera murafen kwalba a ƙasa yana toshe kunne saboda ƙarar inji. Ta matso, ta nuna shi, ta nuna hoton nata ɗan a waya, ta rubuta mini 311 a bayan rasit. Wata shida suka rage mana kafin ya cika shekara 3, kuma mun ci moriyarsu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ita ce "ba mutanenmu ba" ɗin da ake magana. Fiye da rabin mutanen Bronx 'yan Latino ne, su ne a saman benenmu, su ne a ƙasa, a shagonsu muke sayen madara. In ba su ne maƙwabtan da Mala'ika Jibrilu ya yi ta wasiyya da su ba, to su wane ne?

Wani abu kuma da ba a faɗa a dandali ba: sauran matanmu biyar da ke zuwa, uku a cikinsu mazansu sun ɗauka darasin Turanci suke zuwa. Sun iya shigowa ne domin masallaci ne, ba mai tambayar mace me ya kai ta masallaci. Ba za su je coci ba, ba za su je ofishin gwamnati ba. Matan Latin ɗin za su iya samun wani wuri in sun wahala. Namu gida za su koma.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

A buɗe mana ɗakin. In kuna so a yi gwaji na wata uku, mun yarda. Mun riga mun haɗa kuɗin sakata ta sama da 'yar ƙararrawar ƙofa, izini kawai muke jira a kafa su a ƙofar bene. Za mu tashi minti 20 kafin kiran la'asar, kuma kowane zama mutum biyu za su tsaya kan yara, ba abin da za su yi sai wannan. Wanda ya yi ƙorafin cewa ya ji ana addu'ar Kirista a ƙasa, gaskiyarsa ne, sau ɗaya aka yi, ranar da aka kwantar da wani yaro a asibiti. Mun tattauna, su da kansu suka ce ba za a sake ba.

A ba mu minti 30 a zaman kwamiti mai zuwa, mu uku: ni, da uwar yaron da ya keta sahu, da mai fassara. Tana so ta ba Malam haƙuri da bakinta. Ni kuma ina so ku ga fuskarta.

Muna roƙon Malam ya ware huɗuba guda a kan yaran nan, da Hausa, a kira lalurar da sunanta. Ran 2 ga Afrilu ce ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe mata, Juma'ar da ke kusa da ita ta yi. Abin da mace za ta shekara tana faɗa wa miji bai ji ba, in ya fito daga mumbari sau ɗaya ya wadatar. A bar mu kuma mu manna takarda ɗaya a allon sanarwa, da Hausa da Faransanci da Sifaniyanci, mai ɗauke da alamomin farko da lambar da ake kira.

Sai maza. Matan Latin suna kuka da cewa mazansu sun fi su wahalar karɓa, musamman da yake lalurar ta fi yawa a 'ya'ya maza ninki uku ko fiye, kuma uba ya ɗora buri a kan ɗansa. Namu ma haka ne. Maigidana ya shekara biyu bai furta kalmar ba, yanzu shi ke kai yaron wurin koyon magana ran Talata kafin ya fita da tasi. Ya ce in kun ba da wuri, shi zai fara zama da iyaye maza ko da mutum uku ne, ko da sau ɗaya a wata.

Na ƙarshe, in duk wannan bai yiwu ba, a gaya mana a fili, da dalili, kada a bar mu da "sai abin da hali ya yi". Yaranmu ba sa jure sauyin tsari. Asabar uku ke nan yaron nan mai son koriyar fitila yana sa takalminsa da ƙarfe ɗaya, ya tsaya a bakin ƙofar gidansu, uwar ta rasa yadda za ta yi masa bayani. Akwatin kayan wasansu da tabarmar roba suna nan a kulle a ɗakin. Asabar mai zuwa bayan azahar za mu zo mu tsaya a bakin ƙofar ƙasa, ba da rigima ba. Mabuɗin yana hannun ladan.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya saka muku da alheri kan hidimar da kuke yi wa jama'a.

Wassalam.

'Yarku,
a madadin iyaye mata na zaman Asabar